Yuriyar da muke zubawa a gona, nawa ce ke bin iska?

Ɗalibar Ƙasa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Taimako nake nema. Ina digiri na biyu a fannin ilimin ƙasar noma, kuma aikina shi ne lissafa yawan takin yuriya da ke tserewa ya bi iska bayan an zuba shi a gona. Manhajar da nake aiki da ita tana so in gaya mata yadda ake zuba takin. A takarda an rubuta cewa a tona rami kusa da gindin masara, a zuba, a rufe. Ni kuma 'yar manomi ce, na san ba haka nake gani a gonar mahaifina ba. Don Allah ku faɗa mini tsakani da Allah: binnewa kuke yi, ko ajiyewa a gindi, ko watsawa? Kafin ruwa ko bayan an ɗauke?

Baban Gona:
Wa alaikumus salam 'yata. Kafin in ba ki amsa, shi takin fuka-fuki gare shi? Na kusa shekara arba'in ina zuba takin zamani. Na san ruwa yana wanke shi, na san ciyawa tana shanye shi in aka yi jinkirin noma, na kuma san wasu 'yan ƙwadago suna ɓoye rabin kwano a gindin kalgo su dawo da dare su ɗauka. Amma bin iska, yau na fara ji.

Ɗalibar Ƙasa:
Baba ai ka sha jin sa, sai dai da hanci. Zarnin da ke tashi a lungun da ake yawan fitsari, ko warin da ke sa hawaye in ka shiga ɗakin kajin da aka daɗe ba a kwashe ba, ita ce iskar da nake nufi. Sunanta amoniya. Sinadarin da ke cikin farin takin nan shi ne dai wanda ke cikin fitsari, masana'anta ce kawai ta sarrafa shi daga iskar gas. Da zarar ya narke a ƙasa mai laima, akwai wani sinadari da ƙananan halittun ƙasa ke fitarwa, ana ce masa yuriyes, shi ke farfasa shi cikin 'yan kwanaki ya koma amoniyam. Amoniyam abincin shuka ne. Inda gizo ke saƙar shi ne, lokacin farfasawar, ɗan wurin da ƙwayar takin ta narke yakan zama kamar an barbaɗa kanwa, kuma a irin wannan hali amoniyam yakan juye ya zama amoniya. In a cikin ƙasa abin ya faru, ƙasa za ta kama ta. In a sama ne, ta tafi ke nan. A gona ba a cika jin warin ba saboda fili ne.

Baban Gona:
To, Allah mai iko. Ga amsarki. Kamfa ta farko muna ɗan tona mata. Yuriya kuwa a gindi muke ajiyewa, kuma sai an yi ruwa an ɗauke, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Wa zai zuba taki a busasshiyar ƙasa? Banƙasa kuma sai ranar da mai shanu ya samu sarari, wani lokaci kwana uku, wani lokaci mako.

Malamin Gona Mai Ritaya:
Alhaji, ka yi haƙuri, amma abin da ka bayyana shi ne tarkon kansa. Ƙasa jiƙaƙƙiya, taki a sama, sai rana ta buɗe, iska na kaɗawa, ƙasa na bushewa. Ruwan da ke tashi sama shi ke rakiyar takin. Kuma mafi yawan asarar a makon farko take, wato daidai kwanakin da kake jiran mai shanu. In ya zo ran bakwai, ya rufe rijiya ne bayan akuya ta faɗa. Mun yi ta faɗar wannan tun muna yawo a babur ƙauye-ƙauye, amma gaskiya ba mu taɓa iya cewa manomi ga yawan abin da kake asara ba. Shi ya sa ba a saurare mu ba.

Mai Shagon Taki:
Bari in yi muku lissafin kasuwa. Buhun yuriya kilo 50 ne, a jikinsa an rubuta 46, wato kashi 46 cikin 100 ne naitirojin, sinadarin da shuka ke buƙata a cikinsa. Kilo 23 ke nan a buhu. In kashi 20 ya bi iska, daidai yake da ka sayi buhu biyar ka bar ɗaya a bakin titi. Malama, kashi nawa kwamfutar taki ta ce?

Ɗalibar Ƙasa:
Yaya, abin da ya hana ni barci ke nan. Gona ɗaya, buhu ɗaya, mako ɗaya, na samu amsa biyu. Lissafi mai sauƙi ya ba ni ƙasa da kashi 10. Wanda ke bin abin awa bayan awa ya haura kashi 30.

Injiniya:
To ga shi nan. Ba raini ba ƙanwata, amma wannan da bugun ƙasa duk ɗaya. Ni ma ina aiki da manhajojin kwaikwayo a wurin aikina, na san halinsu: abin da ka ba su shi suke dawo maka da shi cikin sabuwar riga. In amsa tana iya zama 10 tana iya zama 30, meye amfanin wahalar? Ki ɗauki 20 ki rubuta, a ba ki digiri.

Ɗalibar Ƙasa:
Haha, Yaya Injiniya, abin da duniya ta daɗe tana yi ke nan ai. Kwamitin IPCC na Majalisar Ɗinkin Duniya mai nazarin sauyin yanayi, a ƙa'idojinsa na 2006, ya ce ƙasar da ba ta da nata awon ta ɗauka kashi 10 na naitirojin ɗin takin zamani yana tashi sama. A gyaran 2019 aka mayar da shi kashi 11, aka ware wa yuriya kashi 15. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwajen ƙasashe da yawa a 2016 ya samu matsakaicin kashi 18, amma akwai inda asarar ta kai kashi 64. Ka ga matsakaici yana da amfani ga mai rubuta rahoton ƙasa. Ga Baba da ke tsaye a gona da kwano a hannu, tambayarsa ita ce yau ko jibi, kuma kashi 15 ba ta san yau da jibi ba.

Bari in faɗi dalilin da amsoshina suka rabu, don ba a banza ba ne. Lissafi mai sauƙi yana duba taswirar ƙasa, ya ga pH ɗin gonar (ma'aunin tsami da kanwa: ƙasa da 7 tsami, sama da 7 kanwa) kusan 6 ne, wato tana da ɗan tsami kamar yawancin ƙasar tudu a wajenmu, sai ya ce ba matsala. Kuma a ilimin sinadarai yana da hujja: a zafin digiri 25, in pH yana 7, abin da ke juyewa ya zama amoniya bai kai kashi 1 ba. A 8 kusan kashi 5 ne. A 9.25 rabi da rabi ne. Amma shi lissafi na biyu ya san cewa yuriya tana zuwa da kanwarta. A zagayen ƙwayar da ta narke pH yakan hau har wajen 9, ko da sauran gonar tana 6. Ƙasa mai laka da ruɓaɓɓen ganye tana da ƙarfin danne wannan hawan, tana kuma da wuraren da amoniyam ke maƙalewa. Jigawa mai rairayi ba ta da ko ɗaya. Don haka taswirar ba ƙarya ta yi ba, gonar ta auna. Ni kuma abin da ya dame ni wuri ne da bai fi faɗin kwabo ba.

Injiniya:
Na ji wannan, kuma ya shiga. To me manhajar ke ci, me take fitarwa?

Ɗalibar Ƙasa:
Ka ɗauka akwatuna ne a jere. Akwatin farko yuriya, na biyu amoniyam da ke cikin ruwan ƙasa, na uku wanda ya maƙale a jikin ƙasa, na huɗu iskar amoniya da ke dab da saman ƙasa. Kowace awa tana lissafa nawa ya tsallaka daga wannan zuwa wancan, nawa saiwa ta sha, nawa ruwa ya gangara da shi ƙasa, nawa iska ta kwashe. Abincinta zafi, ƙarfin iska, laimar ƙasa, ruwan sama, pH, irin ƙasa, da zurfin da aka sa takin. Zafi kaɗai ba ƙaramin abu ba ne, don a ƙa'ida ƙarin digiri 5 yana kusan ninka ƙarfin tashin amoniya. Nan ma akwai rami: tashar yanayi zafin iska take aunawa a inuwa, takin kuwa kwance yake a kan rairayin da ko takalmi ba ka iya cirewa a kai da azahar.

Na Jamus:
Sannu da ƙoƙari ƙanwata. Ina ganin wani abin da ya kamata mutanen gida su sani shi ne inda aka yi renon waɗannan manhajoji. DNDC a Amurka aka fara ta a 1992, aka kuma yi ta gwada ta a gonakin Sin. APSIM ta Ostireliya ce. ALFAM2 da ake ji da ita a nan Turai, a kan ruwan kashin dabbobi da ake fesawa a gona aka gina ta. Akwai FAN da AMCLIM da ke lissafin duniya gaba ɗaya. Dokokin sinadarai ɗaya ne ko'ina, amma lambobin da aka saita su da su daga gwajin gonakin wasu aka samo. Kamar sikelin da aka saita da buhun auduga ne ka zo auna gishiri.

Kuma su nan ba da wasa suka ɗauki abin ba. Tun Fabrairun 2020 doka a Jamus ta ce ko dai yuriyarka tana da maganin da ke rage wa yuriyes sauri, ko ka rufe ta da ƙasa cikin awa huɗu. Dalilinsu ba aljihun manomi kaɗai ba ne. Amoniya in ta hau sama tana haɗuwa da hayaƙin motoci da masana'antu ta zama ƙura mai laushi da ke shiga huhu, tana kuma sauka a dazuzzuka da tafkuna ta ɓata su.

Baban Gona:
Awa huɗu! Ɗana, su da tarakta a ƙofar gida. Ni garmar shanu ma layi nake bi.

Uwar Biyu:
Ni dai, in nufinku a zuba kafin ruwa ne, ina da ja. Bara na zuba da yamma ina ganin hadari, aka kwana ana zabga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe kwarin kunya ya zama rafi. Masarar maƙwabcina ta gangare ita ta yi baƙi ƙirin, tawa ta yi ɗorawa. Da iska ta ɗauki kashi 20 da ruwa ya ɗauki duka, wanne ya fi?

Malamin Gona Mai Ritaya:
Hajiya, gaskiyarki, kuma wannan ne ya sa manoma ke jira a ɗauke, ba jahilci ba ne. Ruwan da ake so shi ne matsakaici, kamar milimita 10 zuwa 15, wanda zai narkar da takin ya shigar da shi cikin ƙasa. Yayyafi ya fi komai sharri, don narkarwa kawai yake ya bar shi a sama, haka ma raɓa mai yawa. Mamako kuma ya kwashe. To wa ya isa ya zaɓi irin ruwan da za a yi masa? Shi ya sa ni har kullum nake komawa kan binnewa. Tsinin sanda, rami kamar tsawon ɗan yatsa, tazarar tafin hannu daga gindi, a zuba, a take da ƙafa. Ka huta da iska, ka rage na ruwa.

Ɗan Ƙonni:
Salamu alaikum. Malam, ina gaisuwa, amma binnewar ma a yi hattara da ita. Mu nan ƙasar hatsi ce, rairayi zalla. A tashar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, cikin shekarun 1980, anka yi gwaji da taki mai alama wanda ake iya bin sawunshi, a gonar hatsi. Abin da sunka gani shi ne yuriyar da anka tara wuri guda a gindi ta yi asara mai yawa, takin CAN, wani takin naitirojin da ba yuriya ba, ya fi ta shiga jikin shuka nesa ba kusa ba, kuma sunka ɗora laifin a kan amoniya. In ka tara ta dunƙule guda cikin rairayi, kanwar ta taru wuri guda, kuma babu laka da za ta riƙe. Ni abin da na koya shi ne in za a binne a rairayi a zurfafa, kada kuma a cika hannu.

Malamin Gona Mai Ritaya:
Madalla da wannan gyara. Ni ƙasar Zariya da Funtuwa na yi aiki, jar ƙasa mai ɗan nauyi, can binnewa ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ashe abin da ya yi Zariya ba lallai ya yi Ƙonni ba.

Ɗalibar Ƙasa:
Kawu na Ƙonni, Allah ya saka da alheri. Wannan gwajin yana cikin 'yan kaɗan da nake da su daga irin ƙasarmu, kuma ka lura ko shi ba iskar aka kama aka auna ba. An lissafa abin da ke cikin shuka da abin da ya rage a ƙasa, abin da ya ɓace aka ce amoniya ce. Yawancin manhajoji kuma in ka ce musu an binne, sai su zaftare asarar kawai, ba sa tambayar a wace ƙasa, ko taki nawa a rami ɗaya.

Injiniya:
To ku kama iskar mana ku auna. Me ya hana?

Ɗalibar Ƙasa:
Na gwada, Yaya, bari ka ji yadda muka kwashe. Hanya mai araha ita ce a yanka bututun roba mai faɗi, a kafa shi a kan wurin da aka zuba taki, a sa soso biyu da aka jiƙa da ruwan asid a ciki. Na ƙasa yana kama amoniyar da ke tasowa, na sama yana tare wadda ke shigowa daga waje. Kullum ka cire soson ka kai ɗakin gwaji. Na kafa goma sha biyu. Kwana na uku awaki suka ture huɗu. Kwana na biyar na tarar yara sun mayar da biyu ganga. Abin da ya fi ba ni haushi, bututun da ban sa wa taki ba, wanda ya kamata ya nuna kusan sifili, shi ma ya kama amoniya, ashe wani ya jibge kashin kaji a gonar da ke gabas da mu, iska na kawowa duk lokacin da na buɗe. Ko da komai ya tafi daidai ma, bututun yana tare iska da ruwan sama, wato ya canza abin da kake son aunawa.

Hanyar da masana suka fi yarda da ita ita ce a zuba taki a fili mai da'ira, faɗinsa kamar mita 40 ko fiye, a kafa dogon ƙarfe a tsakiya da na'urorin kama iska hawa-hawa, da ma'aunin iska. Amma sai ya zama babu wata gona mai taki ko garke kusa. A ina zan samu wannan a ƙauyenmu da gonaki ke manne da juna kamar haƙora?

Ɗan Birni:
Ni ban gane ba. Ana cewa Afirka ba ma sa taki, har taro aka yi a Abuja a 2006 aka ce a tashi daga kilo 8 a hekta zuwa 50. Yanzu kuma ana cewa takin namu yana gurɓata iska? Waɗanda suka ɓata duniya su ne za su zo su ƙirga mana ɗan abin da muke zubawa? Kuma ba ga taurarin ɗan'adam ba, su duba daga sama mana.

Na Jamus:
Ɗan'uwa, babu wanda ya ce a rage. Cewa ake wanda aka saya da guminka ya shiga masara. Wanda ke da buhu biyu ai ya fi mai buhu ɗari jin zafin asarar rabin buhu. Kuma yuriya ce takin da za mu ci gaba da samu, tunda a gida ake yin ta: ga Indorama a Eleme, ga Notore a Onne, ga ta Dangote a Lekki da aka buɗe a 2022 mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara.

Batun tauraro kuma, akwai. Na'urar IASI da ke kan tauraron MetOp tun 2006 tana ganin amoniya daga sama. Har wani nazari na 2018 ya nuna yadda take tashi a faɗin Sahel da zarar ruwan farko ya sauka a kan busasshiyar ƙasa. Amma ka lura, lokacin ko shuka ba a yi ba balle yuriya. Tauraro yana ganin jimla ne: ta kashin shanu, ta ƙunar daji, ta ƙasa, ta taki, duk a tukunya ɗaya, kuma kowane ɗigo a hotonsa ya haɗiye ƙauyuka. A ƙasa ma akwai tasha a Banizumbu a Nijar da ta daɗe tana auna amoniyar da ke cikin iska. Duk suna taimakawa wajen duba ko manhaja ta yi hauka, amma ba za su ce ga abin da ya tashi daga kunyar Baba ba.

Hajiya Mai Shinkafa:
Kun yi ta maganar masara da gero. Mu 'yan Kura da Kadawa fa? Mu cikin ruwa muke watsawa. Tunda an ce ruwa ke shigar da shi ƙasa, mu mun tsira ke nan?

Ɗalibar Ƙasa:
Hajiya, ku ne ma a bakin wuta. An yi wannan awon sosai a Filifin cikin shekarun 1980, a gonakin shinkafa. Gansakukar nan da ke cikin ruwan fadama, da rana tana shanye iskar da ke sa ruwan ɗan tsami, sai pH ɗin ruwan ya hau, da azahar yakan kai 9 ko fiye, da dare ya sauko. Yuriyar da kika watsa tana narke a cikin wannan ruwan mai ɗumi, iska na shafar samansa. Ya fi muni lokacin da shinkafa ke ƙarama, ba ta rufe ruwan da inuwa ba, saiwarta kuma ba ta da ƙarfin sha. Manhajar da ke aiki da matsakaicin yini ba ta ganin wannan hawa da saukar sam. Abin da ake ba da shawara shi ne a rage ruwan sosai kafin a zuba, a cuɗa shi da taɓo in zai yiwu, sannan a maido ruwa.

Hajiya Mai Shinkafa:
Rage ruwa? 'Yata, ranar da aka sako ruwa a kanal ba ni ke sa ta ba. In na zubar da wanda ke ciki, ban san ranar da wani zai zo ba. An taɓa kawo mana dunƙulen yuriya, mai kamar ƙwallon alewa, ana cusa ɗaya a taɓo tsakanin gindi huɗu bayan mako da dashe. Wallahi ya yi kyau, shinkafa ta yi duhu har girbi, sau ɗaya kuma aka sa. Amma sai an yi dashe a layi da igiya, sai an samu masu sunkuyo yini guda, kuma da aikin masu kawowa ya ƙare, na neme shi a kasuwa na rasa.

Malamin Gona Mai Ritaya:
Wannan fasahar cibiyar IFDC ce ta yaɗa ta, a Bangaladash ta fi karɓuwa. Ana cusa shi zurfin santimita 7 zuwa 10. A cikin taɓo asarar iska kaɗan ce ƙwarai. Kun ga abin Ɗan Ƙonni ya dawo: dunƙulewa a laka magani, dunƙulewa a rairayi matsala.

Uwar Biyu:
Na ji an ce a Indiya da man darbejiya suke shafe yuriya. Ga darbejiya har ta yi mana yawa. In daka 'ya'yan in cuɗa? Sannan wata maƙwabciyata da toka take haɗawa don ya yi auki.

Na Jamus:
Gaskiya ne, tun 2015 Indiya ta wajabta shafa wa yuriya man darbejiya. Amma aikinsa ya fi ƙarfi wajen jinkirta juyewar amoniyam zuwa naitiret, wanda ruwa ke wankewa. Wani dalilin kuma don a hana karkatar da takin tallafi zuwa masana'antu ne. Maganin da aka yi don amoniya shi ne NBPT, wanda ke riƙe yuriyes na mako ɗaya zuwa biyu, ko Allah zai kawo ruwa a tsakani. Shi ma zafi yana rage masa ƙarfi, a gona da kuma a sito.

Malamin Gona Mai Ritaya:
Toka kuwa ki ce mata ta bari, don girman Allah. Toka 'yar uwar kanwa ce. In tana shakka, ta ɗebi kashin kaji mai laima a gwangwani, ta zuba toka, ta juya, ta kai hanci. Abin da ya buge ta shi ne kuɗinta. Ta zuba tokar daban, wani lokaci daban.

Mai Shagon Taki:
Gara da aka yi wannan magana. Sau nawa mutum zai dawo shago yana cewa na sayar masa da jabu, masara ba ta amsa ba. Ban ce babu jabu a kasuwa ba, akwai, ni ma an taɓa yi mini lodin da na yi kuka. Amma wani lokacin in ka bincika, a saman ciyawar da aka nome ya watsa, aka yi kwana shida ba ruwa.

Ɗalibar Ƙasa:
Saman ciyawa ma ya fi saman ƙasa muni, Yaya, don yuriyes ya fi yawa a jikin ganye da karan da ke ruɓewa, kuma takin bai taɓa ƙasar da za ta kama shi ba.

Injiniya:
To na janye kalmar bugun ƙasa, amma ban janye duka ba. An ce ruwan kwanakin farko shi ne alƙali. Daga ina kike samun ruwan da kike ba manhajar?

Ɗalibar Ƙasa:
Ka taɓo inda ke ciwo. Daga bayanan CHIRPS, waɗanda ke haɗa hoton tauraro da na tashoshi, kuma kowane murabba'i nasu kusan kilomita 5 ne. Kai ma ka san ruwan damina, a yi shi a gonarka a tsallake ta ƙaninka. In murabba'in ya ce milimita 6, zai yiwu rabinsa ya samu 12 rabi bai samu komai ba. A manhaja 12 tsira ce, sifili jira ne, 6 kuwa ita ce yayyafin da Malam ya ce ya fi sharri. Shi ya sa ba zan rubuta lamba ɗaya ba. Zan gudanar da ita sau ɗaruruwa da yanayin shekaru daban-daban, in ce in an ajiye a sama bayan ruwa ga tazarar asara, in an rufe a ranar ga ta, in an rufe bayan kwana uku ga ta. Ko lambobin sun kauce, jerin wanne ya fi wanne ya fi wuyar kaucewa.

Injiniya:
Wannan na yarda da shi. Amma ki rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a gwada ta da awon gida ba tukuna, kada gobe wani ya ɗauki lambarki ya sa a takardar gwamnati.

Baban Gona:
'Yata, ni ga abin da zan yi. Ina da buhu ɗaya da ban buɗe ba. Kunya ashirin zan sa yara su tona su rufe, ashirin in yi yadda na saba. In an yi girbi in auna kowanne da kwano in faɗa miki, har da kuɗin da masu tonon suka ci, don shi ma lissafi ne.

Ɗalibar Ƙasa:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan ba zai auna amoniya ba, amma zai auna abin da ya fi damun ka. Roƙo biyu: kada ka ware gefe mai kyau ga ɗaya, ka yi biyar-biyar kana sauyawa, kuma taki daidai wa daida. Sannan ka rubuta mini ranar da aka zuba da ruwan da aka yi a kwana goman da suka biyo baya. Duk wanda zai iya yin haka a cikinku ina so, ko bai yi gwajin kunya ba.

Baban Gona:
Da me zan auna ruwan?

Malamin Gona Mai Ritaya:
Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, a cire murfin gaba ɗaya. Ka ɗaure shi a kan turke a fili, nesa da bishiya da masarar kanta. Kowace safiya a tsoma rular 'yan makaranta a karanta, a zubar. Da safe fa, kafin rana ta sha rabonta.

Hajiya Mai Shinkafa:
Ni ma sa ni a ciki, amma ki ƙara layi a takardar taki na ranar da aka sako ruwan kanal.

Baban Gona:
Turken sai ya yi tsawo ke nan. Awakin da suka ture na 'yata suna da dangi a garinmu.